Ƙafa da Mota: Nazari a Kan Labarin Gajeriyar Tafiya, Daga Babbar Kasuwa Zuwa Bakin Kogi

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya da hantsi a ɗaya daga cikin ƙofofin Babbar Kasuwar Yamai, ya saki ido, zai lura cewa da yawa daga masu shiga da fita matafiya ne. Ga ɗan kasuwar da ya kwana cikin mota daga Maraɗi ya zo sarin atamfa, ga matar da ta tsallako gada daga Harobanda da daron kayan miya a ka, ga yaran mota suna dukan jikin faba-faba suna kiran sunayen unguwanni. Kowannensu in aka zaunar da shi yana da labarin hanya a bakinsa. Amma malamin da ya tashi neman shafi biyu na Hausa da suka siffanta irin wannan tafiya ta wuni guda, daga gida zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa bakin kogi, zai sha wuya kafin ya samu abin da zai kai wa ɗalibansa.

A Ingila da Sikotlan kuwa irin wannan rubutu ya zama ruwan dare. Mutum zai sauka a wani tsibiri, ya bi gaɓar teku da ƙafa tun da safe, la'asar ta yi ya tari motar haya ta mai da shi masauki, ya zauna ya rubuta abin da ya gani, kuma a sami masu karantawa. Wannan maƙala tana auna wancan salo da abin da ake da shi a rubutun Hausa da finafinan Nijar, domin a tantance abin da ya cancanci a ara daga abin da ya kamata a bar wa masu shi.

Wuni guda a tsibirin Arran

Arran tsibiri ne a yammacin Sikotlan. Jirgin fito yakan sauke baƙi a garin Brodick, kuma akwai turbar ƙafa da ta zagaye tsibirin ta gefen teku, tsawonta kimanin kilomita 105. Ba kasafai ake gama ta a tashi ɗaya ba. Mutum yakan yanki abin da ƙafarsa za ta iya a wuni, gobe ya ɗora daga inda ya tsaya. Titin mota ma ya bi gefen tsibirin, saboda haka duk inda ƙafa ta gaza akwai bas. Sai dai motocin ba su da yawa, kuma an ɗaura lokutansu da na jirgin fito. A nan ne labarin ke samun ƙashin bayansa: da safe mai tafiya sarkin kansa ne, da yamma kuwa agogo ke mulkinsa, domin in motar ƙarshe ta wuce shi sai ya kwana inda bai shirya ba. Ga kuma teku mai cika da janyewa sau biyu a rana, har akwai wuraren da ba a ratsa su sai ruwa ya ja baya.

Abin yabo a wannan salo shi ne kula. Marubucin ƙwarai a cikinsu ba ya cewa ya ga tsuntsu sai ya faɗi wane iri ne, ba ya cewa ya huta sai ya faɗi a gindin me. Wannan ɗabi'a tana da tarihi a tsibirin. A shekarar 1787 masanin ƙasa James Hutton yana bin gaɓar teku kusa da Lochranza, ya ga duwatsu iri biyu a haɗe, na ƙasa a karkace, na sama a kwance bisa kansu. Ya fahimci cewa tsakanin samuwar na farko da ta na biyu akwai zamani mai tsawon gaske, kuma wurin ya shiga cikin hujjojin da aka gina ilimin tarihin ƙasa a kansu. Makiyaya da masunta sun daɗe suna takawa ta nan. Shi abin da ya ƙara kawai, ya tsaya ya duba, sa'an nan ya rubuta.

Abin zargin kuwa shi ne ƙarancin mutane a cikin labarin. Ana yabon shirun wurin da kwaruruwan da ba kowa sai tumaki, alhali wannan shiru yana da dalili. A 1829 an tashi iyalai daga kwarin Sannox domin a mai da gonakinsu makiyayar tumaki, suka hau jirgi a Lamlash suka nufi Kanada, kuma har yau akwai dutsen tunawa da su a garin. Harshen Gelik da mutanen Arran ke yi ya ɓace daga bakinsu a cikin ƙarni na 20, abin da ya saura sai sunayen tuddai da ƙoramu, waɗanda mai yawo ke karantawa a taswira ba tare da ya ji ma'anarsu ba. Da yawa daga abin da ake kira kyan gani a irin waɗannan labarai kufai ne.

Kakannin salon ma ba su tsira daga wannan aibi ba. Samuel Johnson da James Boswell sun zaga tsibiran yammacin Sikotlan a 1773, littafin na farko ya fito a 1775, na biyu a 1785. Sun lura da yadda mutane ke ƙaura zuwa Amurka, wannan kam sun gani. Amma Johnson, wanda ba ya jin Gelik, ya yanke hukunci cewa harshen bai taɓa zama na rubutu ba, alhali akwai rubuce-rubucensa na ɗaruruwan shekaru. Masu iya magana sun ce baƙo makaho ne ko da yana da idanu.

Kogin da masu wucewa suka rubuta

Abin lura shi ne, daga wannan ƙasa ta Sikotlan ne aka sami wasu daga cikin mutanen da suka rubuta wa Turai labarin kogin da ya ratsa Yamai. Mungo Park ya iso gaɓarsa a Segu a 1796, littafinsa ya fito a 1799. A tafiyarsa ta biyu ya gangaro cikin jirgi ta wannan yanki har ya halaka a Busa a 1806, kuma ya yi mafi yawan hanyar ba tare da ya sauka ya gaisa da mutanen gaɓa ba. Hugh Clapperton, shi ma ɗan Sikotlan, ya rasu a ƙasar Sakkwato a 1827. Bajamushe Heinrich Barth ya haye kogin a Say a 1853. Barth ya fi sauran kunne, domin ya koyi harsuna ya kuma tambayi sunaye, amma dukansu tambayarsu guda ce: ina ruwan nan ya dosa, kuma me za a iya ɗaukowa ta kansa? Ba wanda ya zo domin ya yi wa gaɓa guda wuni guda, irin gatan da jikokinsu ke yi wa gaɓar Arran.

Bahaushe da doguwar hanya

Bahaushe ba baƙon labarin tafiya ba ne. Ɗaya daga cikin tsofaffin labaran tafiya da aka buga da Hausar boko na Dorugu ne, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta, aka ƴanta shi, ya bi Barth har Ingila a 1855. Ya ba J. F. Schön labarinsa da baki, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Dorugu yana da idon ƙananan abubuwa, har yadda ake zaman cin abinci a gidajen Ingila bai wuce shi ba. Bayansa ga Abubakar Imam, wanda ya je Ingila a 1943 cikin ayarin ƴan jaridar Afirka ta Yamma ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, ga kuma Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano. Littattafai ne masu daraja, amma dukansu sun tsaya a kan sharaɗi ɗaya: sai tafiya ta yi nisa take cancantar alƙalami.

Harshen kansa yana nuna dalili. A Hausa tafiya abu ce mai manufa da mutunci: fatauci, ci-rani, neman ilimi, aikin hajji. Wanda ya yi ta yana dawowa da tsaraba da labari, a taru a zaure a saurare shi. Yawo kuwa kalma ce mai ɗan wari. Daga yawon banza sai yawon dandi, kuma ba uban da ke son a ce ɗansa mai yawo ne. Ko da aka so a sa wa ziyarar ƴan kallo suna, sai da aka wanke kalmar da buɗe ido kafin ta shiga mutane. To wanda ya tashi daga Babbar Kasuwa ya gangara bakin kogi ba aike ba, ba biyan bashi ba, a wane gida za a sa shi? Bai yi tafiya ba, kuma ba ya so a ce yawo ya yi. Muddin abu ba shi da suna mai mutunci, marubuci yakan ji nauyin zama a kansa.

Jaguar: inda ƙafar ɗan Nijar ta taka bakin teku

Abin da rubutu ya bari, fim ya ɗan taɓa shi. Jean Rouch ya fara zuwa Yamai a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, a nan ya haɗu da Damure Zika, ɗan gidan Sarkawa. A 1954 suka fara ɗaukar fim ɗin Jaguar, wanda bai fito ba sai 1967. Labarin samari uku ne, Damure, da Lam Ibrahim Dia makiyayi, da Illo Gaudel masunci, waɗanda suka tashi daga kasuwar Ayoru da ƙafa, suka bi ta Dahome har teku, suka shiga Gwalkwas, wato Gana ta yau, neman kuɗi. Kalmar da aka sa wa fim ɗin sunan wata motar alfarma ce, wadda samarin can suka ara suna kiran ɗan kwalisa da ita.

Doguwar tafiya ce, irin wadda aka saba girmamawa. Amma a tsakiyarta akwai wani yanki da ya fi kowane kusa da salon da ake magana a kai, wato inda samarin suka iso teku suka bi gaɓarta da ƙafa. Ga yashi, ga itatuwan kwakwa, ga igiyar ruwa tana koro su suna ja da baya suna dariya. Masuncin da ya tashi a kogi mai gaɓa biyu ya tsaya gaban ruwan da ba a ganin hayinsa. Babu gaggawa a wurin, babu darasin da ake ɗora wa mai kallo. Sai kuma ga iyaka: ba su da takardu, ma'aikata suka hana su wucewa, su kuwa suka zagaya ta bayan ofishin duwan, ta kan yashi, suka shige. A gaɓar Arran abin da ke tare mai tafiya cikar teku ce. A wannan gaɓa takarda ce. Cikin ƴan mintoci fim ɗin ya nuna bambancin mai tafiya don nishaɗi da mai tafiya don abinci, kuma bai hana na biyun nishaɗinsa ba.

Ƙarfin fim ɗin ya fito ne daga wata gazawa ta kayan aiki. Kyamarar da aka yi amfani da ita ta wani ce, ba ta ɗaukar abin da ya kai rabin minti a jere, kuma ba ta ɗaukar sauti. Sai daga baya aka zaunar da Damure da Lam gaban hotunan, suna kallo suna magana, aka naɗi muryoyinsu. Abin da kunne ke ji ke nan hirar matafiya ce bayan an dawo gida: wannan ya tuna, wancan ya ƙaryata shi, a yi zolaya, a ƙara gishiri. Duk wanda ya taɓa zama a zaure daren da ɗan ci-rani ya sauka zai gane wannan murya. Fim ɗin bai ari siffarsa daga littafin Bature ba, daga tabarmar hira ya are ta.

Duk da haka akwai abin cewa. Na farko, hirar da Faransanci aka yi ta. Faransanci ne mai daɗi, wanda aka lanƙwasa shi ya ɗauki barkwancin gida, amma ba shi ne harshen da makiyayi da masunci za su yi wa juna ba'a da shi a kan hanya ba. Abin da aka faɗa da Zabarmanci ko Fillanci ko Hausa a gaɓar nan iska ta tafi da shi. Na biyu, mata a gefen hoto suke, abin kallo ko abin tsokana. Na uku, dawowa gida cikin babbar mota an gaggauta ta, alhali a bayan irin wannan mota ne ake jin ainihin lissafin ci-rani, wa ya samu, wa ya dawo da kunya. Fim ɗin ya fi son ranar isowa, inda samarin suka rabar da abin da suka tara cikin watanni a wuni ɗaya. Na huɗu, kyamarar a hannun Rouch take. Tun 1965 Sembène Ousmane ya zarge shi da duban ƴan Afirka kamar yadda ake duban ƙwari, kuma Umaru Ganda, wanda ya fito a wani fim ɗinsa, ya ga ya fi masa ya ba da labarinsa da kansa a Cabascabo. Zargin bai kama Jaguar da ƙarfin da ya kama wasu finafinan ba, tun da bakin ƴan wasan ne ke jan ragama, amma bai sake shi sarai ba.

Motar da ake kira Haƙuri

Fim ɗin da ya fi kusa da Babbar Kasuwa shi ne Cocorico! Monsieur Poulet na 1974, wanda aka sa masa hannu da sunan Dalarou, wato farkon sunayen Damure da Lam da Rouch a haɗe. Labarin mai sayar da kaji ne da yaron motarsa, Tallu Muzuran, da wani abokin tafiya, suka fita daga Yamai cikin wata tsohuwar Citroën 2CV mai suna Patience, wato Haƙuri, domin su sayo kaji a ƙauye su kawo birni. Tafiyar kusa ce, amma ta miƙe, domin motar ba ta da lafiya, sai lallashi da ɗaure-ɗaure, har ta kai ga an tsallaka da ita kogi ba ta kan gada ba.

A nan an ga cewa nisa ba shi ne ke yin labari ba. Tazarar da mai lafiyayyar mota zai cinye kafin shayi ya huce ta isa ta cika fim, in dai an yarda a tsaya inda mota ta tsaya. Duk lalacewa dalili ce ta haɗuwa da wani: maƙeri, ɗan ƙauye, mai jirgi, har da mutanen ɓoye, waɗanda fim ɗin ya karɓe su kamar sauran masu tare hanya. Marubuci Ide Umaru ma ya gane darajar kujerar direba, domin littafinsa Gros plan na 1977 ta idon wani direba ya duba Yamai. Sai dai shi ma da Faransanci ne. Rouch kuwa a kan hanya ajalinsa ya same shi, cikin haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni ranar 18 ga Fabrairu 2004, aka binne shi a Yamai; Damure ya bi shi a 2009.

Abin da ke kwance tsakanin kasuwa da kogi

Hanyar Jaguar ba ta biyuwa yau yadda aka bi ta jiya. Tun 2017 aka sa yankin Ayoru cikin dokar ta-ɓaci saboda rashin tsaro, a 2023 kuma aka rufe iyakar Binin. Idan hanyar nesa ta ƙuntata, ta kusa tana nan, kuma ba ta rasa abin faɗa ba.

A ɗauki mai tafiya da ya fito daga Babbar Kasuwa ya fuskanci kogi. Ginin da ya baro a bayansa ba shi ne na asali ba: gobara ta cinye tsohuwar kasuwar a 1982, aka buɗe sabuwar a 1987, kuma akwai tsofaffin ƴan kasuwa da har yau suke lissafin shekarunsu daga wannan wuta. Gaba kaɗan zai wuce inda Ƙaramar Kasuwa take kafin tata gobarar ta 2012, ya bi ta gefen gidan tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1959, yake kuma ɗauke da sunan Bubu Hama. Kafin rabin awa ya kai gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, inda aka harbi ɗalibai masu zanga-zanga ranar 9 ga Fabrairu 1990. A ƙarƙashinta ga masu wanki sun shanya tufafin rabin unguwa, ga jirage suna sauke kabewa. In ya yi sama zai bi lambunan Yantala har Gudel. In ya yi ƙasa warin majema zai sanar da shi ya iso Gamkalle tun kafin ya ga fatu, gaba kuma ga fadamun shinkafa na Saga.

Ruwan ma yana da nasa agogo, kamar tekun Arran, sai dai shi da watanni yake ƙirga. Yana cika sau biyu a shekara: da damina ya zo ja saboda laka da ƙoramun kusa ke zubo masa, da sanyin hunturu kuma ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gine ya iso, mai duhu, a natse. A watan Yuni 1985 ya daina gudu a Yamai saboda fari; a Satumba 2020 ya fasa madatsa ya shiga gidajen Lamorde. Turbar da aka bi a watan Afrilu tana ƙarƙashin ruwa a watan Janairu. Mai son tsibiri ma ba sai ya je Sikotlan ba: ga na Bubon, kimanin kilomita 25 daga birni, garin mata masu ginin tukwane, mai cin kasuwa ranar Laraba. Kalmar gungu da Zabarmawa ke kiran tsibiri da ita, ita ce a cikin sunan Gungawan Yawuri. Kogin ya daɗe yana safarar kalmomi tare da kifi.

Idan rana ta yi sanyi, ƙafa ta gaji, sai a nemi faba-faba. Sunan daga Zabarmanci yake, daga kalmar taimako. Ba agogo ke tashinta ba, cika ke tashinta. Wanda ya fara shiga zai jira na ƙarshe, ko shi wane ne. Kuɗin mota daga hannu zuwa hannu yake bi har ya kai ga yaron mota, canji ya dawo ta hanyar da ya bi. A cikin zama guda za a fara magana da Zabarmanci, a amsa da Hausa, a yi rantsuwa da Larabci, a faɗi farashi da Faransanci. Bas ɗin tsibirin Arran yakan zo a ƙarshen labari ne kurum, ya kwashe gajiyayye cikin shiru. Motar Yamai kuwa rabin labarin ce, domin ƙafa ido take ba marubuci, mota kuma ta ba shi kunne. Salon Sikotlan ya ƙware a na farko. Hirar Damure da Lam ta ƙware a na biyu. Rubutun da ake jira shi ne wanda zai riƙe su duka biyu.

Kammalawa

Maganar ta wuce ta sha'awa. Tun 1973 aka fara makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida a Damagaram, a watan Maris 2025 kuma dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen da aka ɗora wa wannan nauyi yana bukatar zube mai iya siffanta wuri, da auna tazara, da kiran abu da sunansa. Hausa tana da waƙa, tana da tatsuniya, tana da wa'azi da labarin soyayya; siffantawa ce ba ta sami masu yi mata hidima sosai ba. Ɗalibin da aka saba ba shi aikin siffanta dusar ƙanƙarar da bai taɓa gani ba, da Faransanci, ya cancanci a tambaye shi sau ɗaya abin da ke tsakanin ƙofar gidansu da bakin kogi.

Malamai da ƙungiyoyin al'adu suna iya farawa da abin da bai fi ƙarfinsu ba: wuni guda, tafi da ƙafa, dawowa da mota, shafi uku. A bukaci ɗalibi ya faɗi lokacin da ya tashi da wanda ya isa, da abin da ya biya, da sunan kowace unguwa da itace da sana'ar da ya wuce, da magana guda da ya ji a mota, yadda aka faɗe ta. A kuma gargaɗe shi da kuskuren Johnson. Yawancin sunayen gaɓar nan na Zabarmanci ne, kogin ma Isa Beri masu shi ke ce masa, kuma mai rubutu da Hausa da ya wuce Harobanda ko Banizumbu bai tsaya ya tambayi ma'anarsu ba, ya zama baƙo a garinsu. Waɗanda za su ba shi amsa suna nan da ransu, wasu a bakin wanki, wasu a majema, wasu kuma a kujerar da ke kusa da tasa cikin faba-faba, suna jiran mota ta cika.